Abin da Manomin Holan Ya Ce

Ma'aikacin shige da fice ya ɗaga fasfon Inna Kulu, ya dubi hoton, ya dubi rabin fuskar da mayafi ya rage, sannan ya nuna Yusha'u da gindin alƙalami ya yi wata tambaya da Turanci.

"Mi yac ce?" in ji Malam Shu'aibu. Bai dubi ɗansa ba. Agogon bangon tashar yake kallo, sai ka ce shi ya tambaya.

"Wai ko ni ɗanku na," Yusha'u ya amsa, kansa a ƙasa.

Inna ta ƙara jan mayafi, ta juya wajen mijinta. "Ɗan Dudu na. Ita tag goye shi, kowa ya sani."

Yusha'u ya gaya wa ma'aikacin abin da zai sa ya buga hatimi. Aka buga, aka miƙo musu fasfo, suka fito daga tashar jirgin ruwan suka taka ƙasar Holan da hantsi.

Inna ba gardama take yi ba. Yusha'u ɗan fari ne, kuma a gidansu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ranar da aka yaye shi aka miƙa shi ɗakin kakarsa Dudu, mahaifiyar Malam, can ya tashi har ya yi gemu. Uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ubansa kuwa in yana zaune Yusha'u ya zo ya durƙusa, gaisuwa kawai yake amsawa, da ya ga magana za ta yi tsawo sai ya tuna akwai abin da ya bari a waje. A tsibirinsu na Gungun Kalgo wannan bai taɓa hana komai tafiya ba, don gidan cike yake da bakunan aro, ga ƙanne ga gwaggonni ga maƙwabta, kowa ana iya ce masa ya gaya wa wancan. Ko a Ingila, inda Yusha'u ke karatun aikin noman rani, an samu Zuliha matarsa ta riƙe wannan aiki tun da tsofaffin suka sauka. Yau Zuliha tana can da jinjira a hannu, teku ya raba. Su uku ne rak, kuma Yusha'u yana ɗauke da maganar da ba a aika ta da kowa.

Maganar ita ce, gidan da tsofaffin ke shirin komawa mako mai zuwa babu shi.

Tun da aka fara ginin madatsar Kainji ake gaya wa mutanen tsibirai su shirya tashi. Aka gina musu sababbin garuruwa bisa tudu, gidajen siminti a jere. Kowa ya yi ƙorafinsa ya ɗaure kayansa, ban da Malam Shu'aibu. Shi ya ce wa masu zuwa da takalma da hula cewa in ruwan ya zo ya tarar da shi. Illo, ƙanen Yusha'u, wanda ya yi arziki da jigilar tsakuwa a wurin aikin, ya san halin ubansa, ya kuma san yadda abin zai ƙare: ko dai a ɗauko tsoho caɗak a gaban jama'a, ko ya zauna ruwa ya kai masa wuya. Sai ga Zuliha ta haihu. Illo ya ga hanya. Dole Inna ta je ta yi mata wankan jego, Inna kuma ba ta hawa jirgin sama ba tare da mijinta ba. Yusha'u ya kira su, Illo ya sa su a jirgi. Suna barin ƙasa aka kwashe gidan. Wani ɗalibi ɗan Yelwa da ya sauka kwanan baya ya gaya wa Yusha'u da bakinsa cewa an rufe madatsar, kuma ya ga rufin masallacin Gungun Kalgo yana leƙowa daga cikin ruwa. Illo ya yi nasa rabon aikin. Saura faɗa wa tsofaffin, wannan kuwa aikin babba ne.

An yi suna, an yi arba'in, Yusha'u bai faɗa ba. Sau da yawa ya kan zo ya durƙusa bayan sallar asuba ya fara da "Baba, dama", sai Malam ya miƙe ya je ya tsaya bakin taga yana duban sararin Ingila, ya ce wa Zuliha, "Ɗiyata, yanzu can gida lokacin yahin irin albasa ya matso. Kada mu wuce shi." Zuliha ta dubi mijinta, mijinta ya dubi tabarma.

Shi ya sa ya ƙirƙiro wannan tafiya. Shekarun baya, lokacin da Turawan Holan suka zo awon kogi a Yauri, ya yi wa ɗayansu tafinta, har shi ya riƙa riƙe masa sandar awo. Wan wannan Baturen manomin albasa ne, gonarsa kuma a ƙasar da aka ƙwato daga teku take. Yusha'u ya lissafa cewa in tsoho ya ga yadda mutane ke juya ruwa yadda suka ga dama, ya ga albasa ta yi a sabuwar ƙasa, zuciyarsa za ta yi taushi, maganar ta shiga da sauƙi. Irin lissafin da mai karatu ke yi ke nan in tsoro ya kama shi, sai ya ɗora wa tafiya abin da baki ya kasa.

A cikin bas Malam ya zauna gaba kusa da direba, Inna ta bi bayansa, Yusha'u ya nemi kujera can baya kamar yadda ya kamata. Ƙasar shimfiɗe take, ba tudu ba kwari, magudanan ruwa sun yanka ta a miƙe. Shanu baƙi da fari suna kiwo ba makiyayi. Inna ta kwance ƙullin dambun kifin da ta taho da shi tun daga Yauri, ta ɗebar wa mijinta, ta ɗebi wani ta ajiye a kan kujerar da ke gefenta ba ta ce na wane ne ba. Yusha'u ya taso ya ɗauka ya koma. Bai iya ci ba, ya zuba a aljihu.

Da suka hau wata doguwar ganuwa ta ƙasa, sai ga ruwa a hannun dama ya cika fal, a hannun hagu kuma can ƙasa ga gidaje da gonaki. Malam ya dubi dama, ya dubi hagu, ya sake duban dama.

"Kulu," ya ce, "ko idona na, ko ruwan ga ya hi gidajen ga bisa?"

Inna ta leƙa. "Ya hi su."

"Kuma suna kwana?"

Yusha'u ya matso kujera biyu. "Baba, ai nan dut teku na da. Tare shi anka yi. Shi ya sa nic ce, in mutum ya duba, ko can gida..."

"Ko masu boko sun san inda gabas take ƙasar ga?" Malam ya tambayi gilashin mota. "Azahar ta kusa."

Yusha'u ya nuna da hannu, ya koma kujerarsa.

Manomin yana jiransu a bakin hanya, dogon mutum mai jan wuya, hannuwansa duk kanta. Turancinsa gutsi-gutsi ne amma yana isa. Ya kama hannun Malam ya girgiza har rawanin ya karkace. Matarsa ta kawo gahawa da burodi da wani cuku mai ƙarfin wari, Inna ta sunsuna ta yi godiya ta ajiye. Suka yi salla a gefen rumfar ajiya, manomin ya tsaya nesa ya juya baya, abin da ya sa Malam ya ce wa Inna wannan kafiri ya san mutunci. Daga nan aka shiga gona.

An tone albasar an bar ta a kan kunya tana shan iska, layi-layi har inda ido ya tsaya. Malam Shu'aibu ya tsaya cak. Shi da ya yi rayuwarsa yana ɗibar ruwan kogi da ƙwarya yana watsa wa fangali ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa zaton akwai albasa haka a duniya ba, balle a hannun mutum guda. Ya tsuguna ya ɗauki ɗaya, ya auna ta a tafi, ya murza wuyanta, ya ɓare ɓawo ya sa haƙori.

"Tambaye shi," ya ce, idonsa a kan manomin, "wa ka ba ta ruwa?"

Yusha'u ya tambaya. "Ya ce sama ka ba ta. Shi aikinai hidda ruwa na, ba zubawa ba."

"Ikon Allah. Hwaɗa mai tana da girma amma ba ta da hwaɗa. Tamu in ka yanka ta, na ƙohwar gida sai ya yi hawaye."

Manomin ya ji, ya yi dariya har ya dafa gwiwa, ya ce a tambayi tsoho yadda yake ajiye tasa ba ta ruɓe ba. Malam ya gyara tsuguno. Ya yi bayanin rumbun kara da ake ɗagawa daga ƙasa, da yadda ake zaɓen uwar iri, da yadda baƙin ruwan kogi ke cikowa lokacin sanyi ya bar laka a gaɓa, da shekarar da dorina ta shiga fadama. Yana yi yana zana ƙasa da yatsa. Yusha'u na tsaye tsakaninsu yana juya magana, can ya lura da abin da ke faruwa: ubansa na yi masa hira. Ba shi ake nufi ba, amma ta kunnensa take bi, ta bakinsa take fita, in ya yi jinkiri har a ce masa "hwaɗa mai mana". Tun da aka haife shi bai taɓa jin muryar ubansa ta daɗe haka a kusa da shi ba. Ya ji daɗi, ya kuma ji haushin Baturen da ya samu wannan a banza cikin rabin yini.

Manomin ya sa hannu cikin ƙasa ya tono wasu ƙananan ƙwanson kifin teku farare, ya zuba wa Malam a tafi. Ya ce nan inda suke tsaye, ubansa ya yi kamun kifi da jirgi a samansa. Masunci ne. Da aka tare tekun, kifin ya ƙare, garinsu ya mutu, aka ba 'ya'yansa gona.

Malam ya jujjuya ƙwanson. "Shi uban nai, ya yarda?"

"Ya ce ba wanda yat tambaye shi."

"To," in ji Malam. "Ashe ko'ina haka su ke."

Manomin ya ci gaba da magana. Ya juya yana nuna wata jar mota mai haƙora da ke bakin rumfa, yana bayanin yadda take tone albasar kadada guda kafin a sha gahawa. Ya gama ya dubi Yusha'u yana jira. Malam ma yana jira. Yusha'u ya san in suka bar gonar nan, ƙofar da ta buɗe za ta rufe, ba kuma zai sake samun wani Bature a tsakaninsu ba.

"Ya ce an ruhe Kainji tun watan jiya," ya ce. "Ya ce ruwa ya hau Gungun Kalgo."

Hannun Malam ya tsaya. Ya dubi manomin, wanda har yanzu yatsarsa ke nuna jar motar yana murmushi. Ya dubi motar. Malam Shu'aibu bai san Turanci ba, amma ya san ba a nuna keken noma a ce Kainji. Ya daɗe yana kallon Baturen.

"Shi yac ce haka?"

"Shi yac ce."

Inna ta ce innalillahi a hankali, ta nemi wani buhun albasa ta zauna a kai.

Malam ya miƙe tsaye, ya kakkaɓe gaban rigarsa, ya fuskanci manomin sosai yadda ake fuskantar mai kawo saƙo. "Tambaye shi mutanen gida."

Yusha'u ya juya ya ce wa manomin da Turanci motar tana da kyau ƙwarai, nawa take shan mai. Manomin ya amsa da murna.

"Ya ce dut an hidda su lahiya. Da awaki, da hatsi, da ƙyamaren ɗakuna. Suna sabon gari bisa tudu, hanyar Wara. Illo na tare da su."

"Irin albasa da ad rataye ɗakina cikin gora?"

"Ya ce an ɗauko."

"Tambaye shi na kwance."

Wannan karon Yusha'u bai sami Turancin da zai yi ba. Ya buɗe baki ya dubi manomin kawai. Dudu tana can, a gindin giginyar maƙabarta, shi da hannunsa ya sa ta a rami kafin ya taho Ingila. Akwai kuma ƙannensa biyu da suka mutu suna goye.

"Ya ce ba a taɓa su ba."

Inna ta rufe fuskarta gaba ɗaya da mayafi. Ba ta yi sauti ba, kafaɗunta ne kawai ke motsi. Manomin ya daina murmushi. Ya dubi tsohuwar, ya dubi mazan biyu, ya ɗauka rana ce ko gajiyar hanya, ya ce bari ya kawo mata kujera da ruwa. Ya juya ya nufi gida da dogayen ƙafafunsa.

Malam bai lura da tafiyarsa da wuri ba, ko kuwa tambayar ce ta riga ta taso. "Tambaye shi, shi wanda yak kira mu ganin jinjira, ya san da haka tun ba mu taso ba?"

Yusha'u ya waiwaya. Manomin ya yi nisa, bayansa kawai ake gani tsakanin layukan albasa. Babu wanda za a ɗora wa.

"Na sani, Baba."

Maganar ta faɗi a tsakaninsu ba mai ɗauka. Malam ya juya wajen Inna kamar zai ce ta gaya wa wancan wani abu, ya tuna ita ma ba ta da wannan hanya, ya mayar da bakinsa ya rufe. Ya sa hannu a baya, albasar na cikin tafinsa, ya tsaya yana kallon inda Baturen ya bi. Yusha'u ya durƙusa a cikin kunya, wandonsa na Ingila ya sha laka. Iska na kaɗa busasshen ganyen albasa. Haka suka yi ta jira, mutum uku 'yan gida ɗaya, sai wani baƙo ya dawo kafin a iya magana. Yusha'u ya gwammace a zage shi, ko a ɗaga hannu a mare shi, amma ko wannan ɗan fari ba ya samu.

Can manomin ya dawo da kujera a hannu ɗaya, kofin ruwa a ɗayan. Inna ta karɓi ruwan ba ta sha ba. Malam ya bari ya ajiye kujerar, sannan ya matsa gabansa. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Hwaɗa mai ni ba mahaukaci ba na. Na san ruwa za shi zo, na ga dutsin da sunka tara. Ban ce ba ni tashi ba don in hi gwamnati ƙarhi. So ni kai in zan na ƙarshe. In kowa ya hita, in tahi in tsaya kan Dudu in hwaɗa mata mun tashi, ga inda munka nuhwa, in yi musu addu'a in jawo ƙohwa. Mutum ba shi barin gida bai yi sallama ba, ko kasuwa za shi."

Manomin ya dubi Yusha'u yana jiran fassara. Yusha'u bai ɗago ba.

"Hwaɗa mai da an tambaye ni, da na hwaɗi. Ba a tambaye ni ba."

Malam ya dubi sama kamar mai duba lokaci, sannan ya ci gaba.

"Hwaɗa mai giginyar maƙabarta doguwa ta. In rufin masallaci ya nutse, ita kanta na waje tukuna, amma ba ta daɗewa. Ba mu jiran mako mai zuwa. A nema muna jirgin da ya hi kusa. In mun sauka Yelwa a samo kwalekwale, ba mai inji ba. Ban son Illo ciki, ban son ɗan haya." Ya juya albasar a tafinsa. "Wanda Dudu tag goya, shi za shi tuƙa."

Yusha'u ya gane shi ake nufi. Jarrabawarsa ta ƙarshe saura 'yan makonni, kuma waɗanda suka turo shi karatu ba su san wata giginya ba. Ga Zuliha da jinjira a ƙasar da ba su da kowa. Rabonsa da riƙe filafili tun yana makarantar midil, ruwan da zai shiga kuma ba kogin da ya sani ba ne. Bai san ko hukunci aka yanke masa ko kiransa aka yi ba, ya dai san ubansa bai taɓa neman wani abu a wurinsa ba sai yau.

Manomin ya gaji da jira. Ya tambaya a hankali, me tsohon yake cewa, ko wani abu ya ɓata masa rai a gonar?

Yusha'u ya miƙe, ya share gwiwoyinsa. Ya dubi Baturen ido cikin ido, sannan ya sunkuyar da kai wajen ubansa.

"Ya ce to."

Malam Shu'aibu ya gyaɗa wa manomin kai, ya miƙa masa albasarsa, ya ce wa Inna ta tashi su kama hanya.